Kanti a Bakin Ƙofa: Wa Ke Tambayar Maƙwabci a Kaduna?

A Unguwar Rimi ko Malali, labarin yakan fara ne da rasuwa. Dattijon da ya yi aikin gwamnati tun zamanin Jihar Arewa ya kwanta dama, 'ya'ya sun watsu Abuja da Legas da ƙasashen waje, gidan kuma ba ya rabuwa sai an mai da shi kuɗi. Dillalai su yi ta shiga da fita. Wata safiya sai maƙwabta su tashi su ga an sare mangwaro da darbejiyar da suka girmi 'ya'yansu, an kewaye filin da langa-langa, tifa ta juye yashi har ya cinye rabin titi. Wanda ya tsaya ya tambayi birkila, "Malam, me za a gina a nan ne?" amsar ba ta wuce, "Wallahi Alhaji, mu ma aiki aka ba mu." Sai an zuba kankaren hawa na biyu, an ga ƙofofi a jere duk suna kallon titi, sannan kowa ya gane filaza ce: babban kanti a ƙasa, shaguna a sama.

Daga nan ake fara kai-kawo. A je wurin mai unguwa, ya ce shi ma a kan hanyarsa ta zuwa masallaci ya gani. A rubuta takardar koke, a bi gida-gida ana karɓar sa hannu, a kai ofishin KASUPDA, hukumar tsara birane ta jihar. Mai gini kuwa maganarsa ɗaya ce: da kuɗinsa ya saya, takardunsa sun cika, masu ƙorafi baƙin ciki ne ke cin su. Game da takardun, sau da yawa gaskiya ya faɗa, kuma a nan ne gizo ke saƙar. Ana iya biyan kowane kuɗi, a sami kowane hatimi, ba tare da mutumin da katangarsa ke jingine da ginin ya ji ko ƙishin-ƙishin ba. Ciniki ne tsakanin mai gini da gwamnati. Maƙwabci, wanda shi zai kwana ya tashi da abin da aka gina har ƙarshen rayuwarsa, ba shi da kujera a wurin.

Kaduna gari ne da aka zana a takarda kafin a gina shi, shi ya sa wannan rigima take da wani ɗanɗano daban da na Kano ko Zariya. A 1917 Turawa suka ɗauke hedikwatar Arewa daga Zungeru zuwa nan, suka tsara garin bisa raba mutane. Unguwar Turawa daban, da manyan filaye da itatuwa, ba kanti ba kasuwa. Ma'aikata da 'yan kasuwa baƙar fata daban. Dokar lokacin ta ce a bar fili fayau na yadi 440 tsakanin ɓangarorin biyu, wai don kada sauro ya kwaso zazzaɓi ya kai wa Bature. Kantuna aka jera su a kan babban titin da yau ake kira Ahmadu Bello Way, inda har gobe ake cewa shataletalen Leventis, ko da yake kantin da ya ba wurin suna ya zama tarihi. Da Turawa suka tafi, manyan ma'aikatanmu suka gaji gidajen, suka kuma gaji tunanin cewa unguwar manya ba a ciniki a cikinta.

A 1967 wani masanin tsara birane ɗan Ingila, Max Lock, ya fitar da babban tsarin garin wanda ya hango shekara hamsin gaba, zuwa 2017. A lokacin mutanen Kaduna ba su wuce dubu 150 da wani abin kirki ba. Yau sun haura miliyan ɗaya nesa ba kusa ba. An sabunta tsarin a 2010 da nufin ya kai 2050, amma garin bai tsaya jiran takarda ba. Rikice-rikicen 2000 da 2002 sun sa jama'a sun yi ƙaura, kowa ya koma gefen kogin Kaduna da yake ganin zai iya barci da ido biyu a rufe, fili a arewacin kogi ya yi tsada. Masaƙun Kakuri da suka riƙe dubban gidaje suka durƙushe ɗaya bayan ɗaya, wanda ya rasa albashi ya koma saye da sayarwa. Sannan aikin sabunta birni da gwamnatin Malam Nasir El-Rufa'i ta ƙaddamar a 2019 ya faɗaɗa tituna, ya tagwaita wasu, ya sake gadar Kawo. Titi kuwa da zarar ya yi faɗi ya sami fitilu, gidan da ke bakinsa ya daina zama wurin kwana a idon mai kuɗi. Duk wanda ya san titin Isa Kaita ko Alkali ko Rabah shekara ashirin da suka wuce, in ya bi su yau zai ga yadda gidajen zama suka koma kantuna, gidajen abinci, makarantun kuɗi da asibitoci.

Ta fuskar doka, abin ba a duhu yake ba. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen jiha a hannun gwamna a matsayin amana, abin da mutum ke samu shi ne izinin zama, yawanci na shekara 99, kuma takardar shaidar tana faɗin abin da aka ba da filin dominsa: zama, kasuwanci, ko masana'anta. Mai son mai da gida kanti sai ya nemi a canza masa wannan manufa, ya biya. A Kaduna harkar fili tana hannun KADGIS, wadda aka kafa a farkon mulkin El-Rufa'i, izinin gini kuma yana hannun KASUPDA. Ana kai zanen gini, da lissafin injiniya, da rahoton masanin tsara birane game da wurin da kewayensa. Dokar tarayya ta 1992 ta tanadi cewa manyan ayyuka, kamar masana'anta ko ginin ofis da ya haura hawa huɗu, sai da rahoton tasirinsu ga muhalli. A 2003 kuma Kotun Ƙoli, a shari'ar da Jihar Legas ta kai gwamnatin tarayya, ta yanke cewa tsara gari hurumin jihohi ne. Wato duk gyaran da ake so, majalisar da ke zama a Lugard Hall ce za ta yi shi, ba sai an jira Abuja ba.

Duba jerin takardun nan da kyau. Mai zane, mai gini ne ya biya shi. Injiniya, mai gini ne ya biya shi. Wanda ya rubuta rahoton unguwa, shi ma mai gini ne ya biya shi. Ban ce ƙarya suke rubutawa ba, akwai masu tsoron Allah da kishin sana'a a cikinsu. Amma babu ɗayansu da ya taɓa kwana a layin ranar da aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, balle ya san ta inda ruwan ke bi. Filaza mai hawa biyu kuma ba ta kai girman da dokar 1992 ta ambata ba, alhali ita ce ke cika gari.

To me maƙwabta ke kuka da shi? Na farko mota. Mai gini yana son kowane taku na filinsa ya zama shago, domin shago ke kawo haya, wurin fakin ba ya kawo ko sisi. A zane akan nuna fili a gaban gini, bayan an sami izini sai filin ya koma rumfar mai suya, ko kes ɗin mai POS, ko a ƙara shago biyu. Masu sayayya su ajiye motoci a titi, 'yan Keke su yi tasha a kwana, babbar mota mai kawo lemo da ruwan roba ta toshe layi awa guda ana sauke kaya. Maigidan da ke son fita da mara lafiya da dare sai ya aika yaro cikin kanti ya yi cigiyar mai mota. Titin da gwamnati ta kashe maƙudan kuɗi ta tagwaita, hannu ɗaya ya koma wurin ajiye motocin kanti kyauta.

Na biyu janareto. Kanti mai firji da na'urar sanyaya ɗaki ba ya iya jiran wutar gwamnati, kuma ba wanda ke ajiye injin a gaban shagonsa inda kwastoma zai shaƙi hayaƙi. Bayan gini ake kai shi, a jingine da katanga, kuma bayan katangar nan ɗakin kwanan wani ne. Wanda bai zauna kusa da babban injin dizal ba, ba zai gane ba: ba ƙarar kaɗai ba ce, har da girgizar da ke bi ta ƙasa ta shiga gado, da baƙin da ke sauka a kan shanyar tsakar gida. Ranar da aka kawo wuta kuma, taransifomar da aka kafa don gidaje talatin ta ɗauki nauyin firji hamsin, ta buga, sannan a zo karo-karon gyara a ce kowane gida kaso ɗaya, har da filazar a matsayin gida ɗaya.

Sai ruwa. Tsohon gidan yana da ciyawa da itatuwa da ƙasa mai shan ruwa. Sabon ginin an shafe shi da siminti daga katanga zuwa katanga, duk ɗigon da ya sauka a rufin sai ya nemi hanya, lambatun layin kuwa tun zamanin da aka haƙa shi ba a ƙara masa faɗi ba, ga ledar kanti ta cika shi. Mutanen Kigo Road da sauran unguwannin bakin kogi sun san ambaliya tun ba yau ba. Yanzu har unguwannin da ke kan tudu suna ganin ruwa a falo, ba daga kogi ba, daga rufin maƙwabci.

Akwai kuma wuta, wadda ita ba ta ba da damar koke. Ranar 4 ga Janairun 2020 shagon sayar da iskar gas ya fashe a Sabon Tasha, a kudancin kogi, ya kashe mutane, ciki har da Farfesa Simon Mallam, shugaban hukumar makamashin nukiliya ta ƙasa. Bayan haka gwamnatin jiha ta ba da umarnin rufe shagunan ɗura gas da ke cikin unguwanni. Umarnin daidai ne, sai dai ihu ne bayan hari, kuma kowa a layin ya san da shagon tun kafin ranar.

Amma abin da ya fi ci wa mutanenmu rai, wanda kuma fom ɗin hukuma ba shi da gurbinsa, shi ne taga. Gidan Bahaushe, ko na ƙasa ne ko na bulo, an gina shi ne a kan sirrin tsakar gida. A nan ake girki, a nan ake wanki da kitso, a nan mace ke cire mayafi ta sha iska. Zaure da katanga duk don wannan aka yi su. Ranar da aka ɗora bene a gefe, aka buɗe tagogi da baranda ta baya inda yaran shago ke tsayawa suna danna waya, tsakar gidan ta mutu. Za ka ga maigida ya ƙara bulo biyar a kan katanga, ko ya kafa kwano, ko ya rufe tsakar gidan gaba ɗaya iyalinsa su koma zaman ɗaki cikin zafin Maris. Ƙarshenta shi ma ya kira dillali. Haka layi ke juyewa gida bayan gida, ba don kowa ya so ba.

Abin mamaki, wannan ba sabuwar matsala ba ce, kuma magabata sun yi mata aiki mai zurfi fiye da yadda muke yi yau. A fiƙihun Malikiyya akwai babi guda a kan cutar da maƙwabci ta hanyar gini, tushensa ƙa'idar nan da ta hana cuta da cutarwa. A ƙarni na 14 wani magini a Tunis, Ibn al-Rami, wanda alƙalai kan aika ya duba gine-ginen da ake rigima a kansu, ya tattara hukunce-hukuncen a littafi guda. Sun yi magana a kan hayaƙin gidan burodi, warin majema, da girgizar dutsen niƙa da ke tsaga bangon maƙwabci. A kan taga, gwajin da aka ruwaito mai sauƙi ne: a sa gado a ƙarƙashinta, mutum ya hau ya tsaya, in yana hango cikin gidan maƙwabci a toshe ta. Har shago sun tattauna, da yawansu suna ganin buɗe shago daura da ƙofar wani ya fi buɗe ƙofa daura da ƙofa cutarwa, domin mai ƙofa wucewa yake yi, mai shago kuwa zama yake yi, shi da abokan hirarsa, suna ganin mai shiga da mai fita. Sun kuma bambanta tsohuwar cuta da sabuwa: wanda ya zo ya tarar da maƙera ba zai tashe ta ba, wanda kuma ya yi shiru shekara da shekaru yana kallo, hakkinsa na ƙorafi yana iya faɗuwa. Wannan ilimi ya iso ƙasar Hausa. A ƙarni na 19 Alƙalin Gwandu, Idris ɗan Khalid, ya rubuta wa alƙalai littafin hukunce-hukunce da ya ƙunshi irin waɗannan mas'aloli na bango da hanya da magudanar ruwa.

Ba ina cewa a ɗauko littafin ƙarni na 14 a ba jami'in KASUPDA ba. Kaduna gari ne na kowa da kowa, kuma Kiristan da ke Kabala ko Unguwar Rimi hayaƙin janareto ba ya tambayar addininsa. Abin lura shi ne inda waɗancan malamai suka ajiye maƙwabci: shi ne mai ƙara, da shi ake farawa. Dokar ƙasarmu ta yau ma ba ta rufe masa ƙofa ba. A 1991 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ƙarar da mazauna wata unguwa a Isolo ta Legas suka kai kamfanin sufuri na Interland, wanda tirelolinsa suka addabi layukansu, ta ce talaka yana iya kai ƙarar abin da ya dami jama'a ba sai da izinin babban lauyan gwamnati ba. Sai dai kotu tana zuwa ne bayan gini ya tsaya da ƙafarsa. Ga kuɗin lauya, ga ɗage zama, ga kunyar a ce ka kai maƙwabci kotu. Yawancin mutane sukan ce sun bar wa Allah.

Yanzu kuma a yi wa mai kanti adalci, domin ba duk kukan maƙwabta ne abin saurare ba. Garin Hausa bai taɓa raba zama da ciniki ba. A Tudun Wada, Unguwar Shanu, Badarawa ko Kawo, zaure ya daɗe da zama shago, tela yana gefen mai tireda, matan aure suna sayar da ƙuli-ƙuli da ɗanwake daga cikin gida, kuma wannan ne ke sa layi ya kasance da rai da tsaro har dare. Gida ɗaya a kan fili mai girman filin ƙwallo a tsakiyar gari, alhali mutane na cunkushe a Rigasa, ba abin da za a kare ba ne da sunan tsari. Kanti yana ɗaukar yara aiki. Tun da aka cire tallafin mai a 2023, uwar gidan da za ta iya takawa ta sayo madara da sabulu ba tare da ta biya kuɗin Keke zuwa Kasuwar Gumi ba, ita ma maƙwabciya ce, kuma ba a cika ganin sa hannunta a takardar koke ba. Wani ƙorafin kuma, in ka tone shi, girman kai ne tsagwaronsa: kada talakawa su riƙa wucewa ta ƙofar gidanmu.

Tsoron da masu ƙananan shaguna ke yi cewa babban kanti zai kashe su, ni ban ga ya tabbata a nan Arewa ba. Shoprite ta buɗe a rukunin shagunan Ado Bayero a Kano a 2014 da gagarumin biki, ta rufe a farkon 2024, masu tireda na nan daram. Mai tireda yana ba da bashi zuwa ƙarshen wata, yana sayar da sukari na naira ɗari, ya san sunan kowane yaro a layin. Babban kanti ba ya iya ko ɗaya. Abin da ya fi tayar da ƙananan 'yan kasuwa a Kaduna rusau ne, kamar yadda aka yi wa Kasuwar Barci a 2020 bayan wa'adin 'yan kwanaki, da tsadar sababbin shagunan da aka gina bayan haka. Manyan wurare irin su Galaxy Mall da ke tsohon titin Waff, waɗanda aka yi wa wurin fakin tun daga zane, ba su ne ke hana unguwa barci ba. Matsakaitan nan ne, masu shago goma zuwa ashirin, da ake cusawa a filin gida ɗaya.

A Ingila, inda muka kwaso rabin dokokinmu na gini, akwai wani abu da muka bari a can. In mutum ya nemi izinin gina kanti, ƙaramar hukuma takan manna sanarwa a wurin ko ta aika wa maƙwabta wasiƙa, a ba su kwana 21 su faɗi ra'ayinsu, zanen kuma kowa na iya gani. In abin ya jawo ce-ce-ku-ce, kwamitin kansiloli ne ke zama a bainar jama'a, mai adawa ya sami 'yan mintoci ya yi magana. Abin da ya fi burge ni shi ne sun tace abin da ake saurare. Cunkoson motoci, ƙara, leƙen gida, toshe haske, magudanar ruwa, duk ana auna su. Amma ka ce darajar gidanka za ta faɗi, ko sabon kanti zai ƙwace maka ciniki, ko ba ka son mai ginin, wannan ba hujja ba ce. Kuma yawanci ba "e" ko "a'a" ake yankewa ba, sharuɗɗa ake gindayawa: lokacin buɗewa da rufewa, lokacin sauke kaya, yawan wurin fakin. Tsarin nasu yana da nasa ciwon, domin masu hali sun mai da shi makamin hana gina gidaje kusa da su, har ƙasar na kukan ƙarancin muhalli. Don haka sanarwar ce abin ɗauka, ba ikon hanawa ba.

Me ya sa abu mai sauƙi haka bai zama al'ada a nan ba? Wani ɓangare na amsar kuɗi ne. Jihar Kaduna ta yi ƙoƙari ƙwarai wajen tara kuɗin shiga, daga ƙasa da naira biliyan 15 a 2015 zuwa sama da biliyan 50 a 2020, kuma rahoton Bankin Duniya na 2018 ya sa ta cikin jihohin da suka fi gyara hanyar yin kasuwanci. Abin yabo ne. Amma ma'aunin da ake amfani da shi shi ne saurin ba da izini da yawan abin da aka tara. Canza manufar fili kuɗin shiga ne, filin kasuwanci kuma ya fi na zama kawo haraji. Hukumar da ake yaba mata da sauri da tara kuɗi, sauraron maƙwabci a wurinta jinkiri ne da asara. Ba sai an kawo zancen cin hanci ba kafin a gane inda ma'aunin ya karkata.

Ɗaya ɓangaren kuma shi ne mun saba da katafila a matsayin magani. A bar gini ya tashi, a shafa masa jan fenti, a yi shiru, wata rana a zo da 'yan sanda a rushe. Mai gini ya yi asarar dukiya, masu haya su kwashe kaya a rana, maƙwabta su gaji tarin ɓaraguzai da gabar da ba ta ƙarewa. Kuma katafila ba ta cika bin layi da adalci ba. Mazaunin unguwar manya yana da lambar wayar da zai kira, ko don ya tsayar da ginin wani ko don ya kare nasa. Mazaunin Hayin Banki ko Rafin Guza ba shi da ita. Ɗan haya kuwa, wanda shi ne mafi yawa a garin, ko a takardar koke ba a cika neman sa hannunsa ba.

Abin da nake ganin ya kamata ba ya buƙatar sabuwar hukuma. Duk wanda ya nemi mai da gidan zama wurin kasuwanci, kafin a duba takardarsa ya kafa allo a bakin filin, da Hausa da Turanci, mai faɗin abin da za a gina, hawa nawa, shago nawa, mota nawa za ta iya tsayawa a ciki, da inda za a kai ƙorafi, allon ya yi mako uku. A kai wa gidajen da ke jingine da filin da na daura da shi kwafi a hannu, a kai wa mai unguwa, ba don ya sa hannu ko ya karɓi goro ba, don ya zama shaida cewa an sanar. Kada a ce sai maƙwabta sun yarda, domin ranar da sa hannun maƙwabci ya zama sharaɗi, ranar zai sami farashi. Jami'i ya zo da kansa da yamma, lokacin da layi ke cike, ba da hantsi ba. Ya amsa kowane ƙorafi a rubuce, ko da a layi biyu ne. Sannan a rubuta sharuɗɗa a jikin izinin: tagar baya ta kasance sama da tsayin mutum ko a sa mata gilashin da ba a gani ta cikinsa, babu baranda ta ɓangaren gidaje, janareto a ɗaki mai kashe ƙara nesa da katanga, filaza ta kafa taransifomarta, a bar wani yanki na filin ba siminti, babbar mota ta sauke kaya a ciki. Duk waɗannan a kan takarda gyaran fensir ne. Bayan an zuba kankare kuwa sai guduma.

Saura waɗanda aka riga aka gina, kuma su ne da yawa. Rushe su ba zai yiwu ba, bai ma kamata ba. Amma kowace filaza tana da ranar da take buƙatar gwamnati: biyan kuɗin ƙasa, sabunta izinin kasuwanci, neman ƙarin hawa, sayarwa ga wani wanda sai da amincewar gwamna. A irin waɗannan ranaku ne za a iya cewa a toshe tagar baya, a matsar da injin, a cire kes ɗin da ya cinye wurin fakin. KASTLEA, hukumar kula da zirga-zirgar motoci ta jihar, tana kan titi kullum tana kama direban da ya ajiye mota ba daidai ba, tarar kuma a kansa take ƙarewa, mai ginin da ya sayar da wurin fakin yana sama yana karɓar haya. In za a gwada, a fara da titi ɗaya, Isa Kaita ko Alkali, a ɗauko zanen da aka amince da shi na kowane gini, a tsaya a gabansa a ƙirga motocin da zanen ya ce za su shiga.